Yadda Albashi Ya Zama Hujja a Ƙofar Amurka

A shekarar 1885 Majalisar Dokokin Amurka ta haramta ɗauko baƙo daga ƙetare bisa yarjejeniyar aiki, ta kuma yanka tarar dala 1,000 a kan kowane mutum guda, saboda ƙungiyoyin ƙwadago sun koka cewa ana karya musu darajar guminsu da leburori masu arha. Sai dai ta togace mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo da masu ba da lacca. A wancan zamani takardar alkawarin lada ita ce ke sa a juya mutum daga bakin tashar jirgin ruwa. Hatta wata majami'a a birnin New York da ta ɗauko limami daga Ingila sai da aka ci ta tara, kafin Kotun Ƙoli ta wanke ta a 1892.

Bayan ƙarni guda al'amari ya juya. Dokar shige da fice ta 1990 ta buɗe ƙofar zama na dindindin ga ma'abota gwaninta ta musamman a kimiyya, fasaha, koyarwa, kasuwanci da wasanni, ba tare da wani ubangida ya tsaya musu ba. Ƙa'idojin 1991 kuwa suka jera alamomi goma, aka ce wanda bai riƙe babbar lambar yabo ta duniya ba ya kawo uku, ta tara a cikinsu ita ce lada mai tsoka.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne kiyasin da aka gina wannan alama ta tara a kansa, domin yawan kuɗi shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ɗora shi a mizani tare da na takwarorin mutum a sana'arsa da wurin aikinsa. Likitan da ake biya da naira a Kano, da likitocin ƙasarsa ake gwada shi, wannan kuwa adalci ne. Shi ya sa mai nema kan tara takardun haraji, da kwantiragi, da takardar albashin wata-wata mai hatimin ofis, ya jera su kusa da ƙididdigar albashin sa'o'insa.

Tun hukuncin wata shari'a da ake kira Kazarian a 2010, jami'in shige da fice kan fara ƙirga alamomin, sa'an nan ya sake auna hujjojin dungurungum, ya duba ko lalle mai su yana cikin 'yan ƙalilan da suka kai ƙololuwar fanninsu.