ROCA (raunin mabuɗan RSA)

ROCA suna ne na wani rauni da aka gano a shekarar 2017 a cikin manhajar RSALib ta kamfanin Infineon na ƙasar Jamus. Manhajar tana zaune ne a cikin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira cif, waɗanda ke ƙirƙirar mabuɗan sirri su kuma adana su, kamar na katin shaidar ɗan ƙasa, da cif ɗin TPM na kwamfutoci, da YubiKey 4. Sunan gajarcewa ne na wata jimlar Turanci mai ma'anar "dawowar harin Coppersmith", saboda dabarar lissafi ta Don Coppersmith da aka yi amfani da ita. Lambar rajistar raunin ita ce CVE-2017-15361.

Tushen matsalar

A tsarin RSA, na'ura tana zaɓar manyan lambobi biyu marasa rabuwa (wato waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu), ta ninka ɗaya da ɗaya. Sakamakon yana shiga mabuɗin fili, wanda kowa zai iya gani. Tsaron ya dogara ne ga wahalar gano lambobin biyu daga wannan sakamako, shi ya sa dole a zaɓe su ba bisa wani tsari da za a iya hasashe ba.

Cif ɗin kati ba shi da ƙarfin kwamfuta, kuma laluben irin waɗannan lambobi yana cin lokaci. Don a hanzarta aikin, RSALib tana gina su bisa wani ƙayyadajjen fasali da ya dogara ga lambar 65537. Hakan ya rage yawan lambobin da za su iya fitowa ƙwarai da gaske, har mai hari zai iya lissafo mabuɗin sirri daga na fili kaɗai, ba tare da ya taɓa katin ba.

Yadda aka gano shi

Na'urori masu wannan aibi suna kasuwa tun aƙalla 2012, kuma sun tsallake gwajin FIPS 140-2 da na Common Criteria a matakin EAL5+. Mabuɗan suna aiki daidai: suna ɓoye saƙo, suna buɗe shi, suna sa hannu. Saboda haka gwajin da ke duba ko na'ura tana aiki ba zai nuna komai ba. Bugu da ƙari, kamfanin bai fitar da rubutun manhajar ba, kuma an ƙera cif ɗin ne musamman don kada a iya leƙa cikinsa.

Masu bincike na Jami'ar Masaryk da ke Brno a Jamhuriyar Czech sun bi ta wata hanya dabam. Sun sa katuna da manhajoji iri-iri sun ƙirƙiri mabuɗai sama da miliyan 60, suka duba su ta hanyar ƙididdiga, suka buga sakamakon a 2016. Mabuɗan Infineon sun nuna wata alama da ba a gani a sauran ba, kuma bin diddiginta ne ya tona fasalin. Tare da abokan aiki daga kamfanin Enigma Bridge da Jami'ar Ca' Foscari ta Venice, sun sanar da Infineon a Fabrairun 2017, aka bayyana wa duniya a Oktoba. Sun ƙiyasta cewa fasa mabuɗi mai bit 1024 zai ci kwana 97 na aikin kwamfuta ɗaya, mai bit 2048 kuwa kimanin shekara 140, sai dai ana iya raba aikin ga kwamfutoci masu yawa. Sun kuma fitar da manhajar da ke gane mabuɗi mai rauni nan take daga na fili.

Estoniya

Estoniya, inda ake jefa ƙuri'a da sa hannu a takardu ta intanet da katin shaida, tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, da katuna kusan 760,000. Gwamnati ta sanar da haɗarin a Satumban 2017, aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a Oktoba, sannan aka dakatar da takardun shaidar lantarki na katunan a farkon Nuwamba. Maimakon a sauya katunan, an sabunta su ta intanet ko a ofisoshin ƴan sanda, aka mayar da su kan tsarin ECC, wanda raunin bai shafa ba. Slovakiya da Sifaniya ma sun fuskanci matsalar a nasu katunan.

A kwamfutoci, sabunta manhajar TPM kaɗai bai wadatar ba, domin tsofaffin mabuɗan suna nan da rauninsu har sai an goge su an ƙirƙiri sababbi.