Kasuwannin Yamai tsakanin gobara da katafila

Wanda ya san Yamai kafin 2012, idan ya ratsa tsakiyar gari yau, zai nemi Ƙaramar Kasuwa ya rasa. Zabarmawa na ce mata Habu Ganda. Nan mahaifiyata take yin cefane: tumatir da latas daga lambunan bakin kogin Isa, ɗanyen kifi, yaji, daddawa. A 2012 wuta ta cinye ta, kuma ba a sake tayar da ita yadda take ba.

Gobara ba baƙuwa ba ce a kasuwannin garin nan. A 1982, zamanin Seyni Kountché, Babbar Kasuwa, wato Habu Bene, ta ƙone ƙurmus. Shekara biyar ana jira, sai a 1987 aka buɗe sabuwa, da katanga da manyan ƙofofi da layukan shaguna. Abin da nake yaba wa wancan aikin shi ne don ƴan kasuwa aka yi shi. Mai atamfa ya samu shago, mai goro da mai koli suka samu rumfa, Bahaushe da Bazabarme da Bayarabe da Buzu suka ci gaba da ciniki a wuri guda. Ko da wuta ta sake taɓa ta a 2009, gyara aka yi, kasuwa ta ci gaba da ci.

Daga 2011 salon ya sauya. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta fito da shirin Niamey Nyala na ƙawata babban birni. Aka yi gadojin sama, aka faɗaɗa tituna. A 2016 katafila ta bi bakin hanyoyi tana rushe kes-kes da rumfunan ƴan tebur. Da taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ya matso, kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, ya gina otal ɗin Radisson Blu, Indiya kuma ta ɗauki nauyin zauren taro na Mahatma Gandhi.

Na zaga wuraren nan, kuma gaskiya sun yi kyau. Baƙo ya sauka ba za mu ji kunya ba. Amma a taron nan ne aka ƙaddamar da yankin ciniki marar shinge na Afirka, a garin da bai daɗe da korar mai shayi da mai tsire daga bakin titi ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Matar da ke kasa tumatir ba ta da kuɗin hayar shago mai gilashi, alhali cinikinta ne ke ciyar da gida.

Ina roƙon mahukuntan birnin Yamai, duk unguwar da za a gyara nan gaba, a fara tanadar wa ƙananan ƴan kasuwa wurin zama a kusa, da haya daidai ƙarfinsu, kafin a kira katafila.