Daga Buɗaɗɗiyar Mota Zuwa Motar Iyali: Abin da Tarihi Ya Nuna Mana

Ƙofar Taramniya tana cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Dawaki da raƙuma da jakuna ne suka fara ratsa ta, mota kuwa baƙuwa ce da ta zo a zamanin Turawa. Mu da muka taso a wannan unguwa mun ga motoci iri biyu da ya kamata 'yan baya su san bambancinsu.

Ta farko ita ce buɗaɗɗiyar mota, wadda ake naɗe rufinta a mayar baya. Ba ta talaka ba ce, ta manya ce, kuma ta ranar biki. A cikin irinta aka zagaya da Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu, lokacin da ta ziyarci Nijeriya a 1956, ziyarar da aka yi mata gagarumin hawan daba a Kaduna. Hikimarta ita ce shugaba ya ga jama'a, su ma su gan shi. Amma bayan an harbe Shugaban Amurka John Kennedy cikin buɗaɗɗiyar mota a Dallas a 1963, sai shugabannin duniya suka fara ja da baya daga shiga irinta.

Kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya fitar da 504 a 1968, sannan ya biyo da buɗaɗɗiyarta mai ƙofa biyu a 1969. Rufaffiyar ce ta samu karɓuwa a wurinmu, musamman da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Dalili a fili yake. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura, rufi ba ado ba ne.

Motar iyali ta yau, kamar Toyota Corolla ko Camry, ta fi waccan ta fuskoki da dama. Tana da ƙofa huɗu, tana ɗaukar mutum biyar da kayansu, ga na'urar sanyaya ciki. Ga bel da jakar iska da ke kare rai idan an yi haɗari, alhali tsohuwar buɗaɗɗiya idan ta kife, na ciki sai kiyayewar Allah. Shan manta ma kaɗan ne, abin da kowane magidanci ke lissafawa tun da aka cire tallafin fetur a 2023.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Tsohuwar mota, bakanike yakan saurari kukan injinta ya gane ciwonta, ya kwance kafireto ya wanke. Ta yau kuwa kwamfuta ke sarrafa ta, sai an jona mata na'ura kafin a san matsalarta. Yaronmu da ya koyi kanikanci a tsohon salo kawai, sana'ar tana neman kuɓuce masa. Haka kuma baƙin gilashi ya sa mai mota yakan wuce maƙwabcinsa ba ko sallama.

Don haka muna kira ga masu hali su taimaka wa matasanmu kanikawa da horo da kayan aikin zamani. Masu tsofaffin hotunan motocin da kuma su adana su, domin shaida ce ta zamanin da babba ba ya ɓuya wa jama'arsa. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.