Yadda asibitin mishan na Jos ya gano zazzaɓin Lassa

Duk shekara idan rani ya shigo aka fara sanar da adadin waɗanda zazzaɓin Lassa ya kashe, ba kasafai ake tuna cewa Lassa sunan wani ƙaramin gari ne a kudancin Jihar Borno ta yau ba. A can ne, cikin Janairun 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, wata dattijuwa Ba'amurkiya mai aikin jinya a asibitin mishan, Laura Wine, ta kwanta da ciwon baya da zazzaɓi. Aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, jiki ya ƙi. Aka sa ta a ƙaramin jirgi zuwa asibitin ƙungiyar mishan ta SIM a Jos, can ta cika. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, ta naɗa ƙyalle a yatsa ta goge mata gyambon da ya fito mata a baki, alhali ƙayar fure ta soki yatsan nan. Ita ma ba ta ga ƙarshen Fabrairu ba. Nas ta uku, Penny Pinneo, da ciwon ya kama ta sai aka kai ta New York, ta yi makonni a gadon asibiti kafin ta tashi.

Galibi idan aka ba da wannan labari, jarumtar matan ake yabawa, kuma sun cancanci yabon. Amma ni a ganina abin da ya fi yi wa mutane amfani shi ne daɗewarsu a wurin. Likitar asibitin Jos, Jeanette Troup, ta shekara da shekaru tana ganin zazzaɓin cizon sauro da taifot da shawara, ta san kamanninsu kamar yunwar cikinta. Saboda haka da ta ga zazzaɓin da ya ƙi kowane magani, mai sa maƙogwaro ya yi miki, ta gane baƙo ne. Ta buɗe gawa ta duba, ta rubuta abin da ta gani, ta adana jini. Mishan ɗin kuma yana da likitansa a New York, John Frame, wanda ya miƙa jinin ga ɗakin bincike na Jami'ar Yale. A nan aka ware ƙwayar cutar. Mai binciken, Jordi Casals, shi ma ya kamu, aka yi masa ƙarin ruwan jinin Pinneo ya tashi, wani ma'aikacin ɗakin kuwa, Juan Roman, ya rasu a ƙarshen shekarar. Likitan da ya zo aikin agaji na wata uku bayan annoba ta ɓarke ba zai iya wannan ba, domin bai san abin da gari ya saba da shi ba, balle ya gane abin da ya saɓa.

Mai karatu Bahaushe zai ce ai ba don magani suka zo ba, wa'azi ya kawo su. Gaskiya ne, su ma ba su ɓoye ba. SIM ta faro a 1893 da nufin yaɗa addinin Kirista a yankin da a lokacin ake kira Sudan, biyu daga cikin mutum ukun farko, Walter Gowans da Thomas Kent, ciwo ya kashe su cikin shekara guda. Turawan mulki sun daɗe suna taka wa mishan birki a masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 aikin kutare ya buɗe musu ƙofa a Kano da Katsina da Sakkwato, kuma dattawan da suka yi ɗari-ɗari da lamarin suna da hujjarsu. Sai dai wannan niyya ita ce ta zaunar da su. Wanda ya ɗauki aiki a matsayin kira daga Ubangijinsa ba ya lissafin ranar ƙarewar kwantiragi. Ya koyi harshe, ya tsufa a wurin, a wurin ake binne shi. Mutum na iya ƙin wa'azinsu, ya kuma yarda cewa zaman da wa'azin ya haifar ne ya sa aka gano cutar.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, wadda ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Cutar ba a 1969 ta fara ba. Ta daɗe tana kashe mutanen karkara ana cewa zazzaɓi ne, ba wanda ya aika jininsu ko'ina sai da ta taɓa Turawa. Pinneo ta sami jirgi zuwa Amurka, majinyatan da ke kwance a ɗakunan asibitin SIM da mutanen Jos ke kira Jankwano ba su samu ba. Da cutar ta sake tashi a asibitin a farkon 1970, 'yan ƙasa ne suka fi mutuwa, marasa lafiya da masu jinyarsu da ma'aikata, kuma a cikin ɗakin jinyar kansa ta yaɗu daga gado zuwa gado. Sunayensu ba su yi yawo a duniya ba. Wannan rashin adalci ne, kuma bai kamata a lulluɓe shi da yabo ba. Abin da kawai za a ce, Troup ba ta bar su ta gudu ba. Tana binciken gawar ɗaya daga cikinsu ta yanke a yatsa, ta kuwa san abin da yankan ke nufi. Ta rasu a Fabrairun 1970. Pinneo ta dawo Najeriya da ruwan jininta don a yi wa masu cutar ƙari, ta iso an riga an binne likitar, sai ta ci gaba da aiki a ƙasar.

Sai a 1972, a Saliyo, masu bincike suka kama mai ɗauke da ƙwayar: wani ɓera mai yawan nonuwa da ke shiga ɗakuna da rumbuna, yana fitsari a kan hatsi da abincin da aka shanya.