Waƙar Da Za A Raka Ka Da Ita

 Yau za mu ba ku tarihin waɗansu masu bi na dā waɗanda suka shirya jana'izarsu tun suna da rai, har da waƙar da za a raka su da ita. Kada wani ya ce wannan magana fatan tsiya ce. Mutuwa rigar kowa ce, ambatonta kuwa ba ya kawo ta.

Ku tuna da hanyar da ta kawo kakanninmu ƙasar nan. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, ya ratsa Bargu, ya sauka Zugu, ya wuce Sansanin Mango, har ya kai Salaga a ƙasar Gwanja inda ake sayen goro. Tafiya ce ta watanni, ba kowa ne kuwa yake komawa gida ba. Wanda ajali ya same shi a hanya, abokan tafiya ne suke binne shi. A shekara ta 1936 jirgin ƙasa ya iso Faraku daga Kwatano, unguwar Gar ta cika da baƙi masu neman abinci. Har wa yau tambayar baƙo ɗaya ce: in na mutu a nan, wa zai tsaya a kaina, me kuma za a faɗa?

Akwai wata mace mai bi, sunanta Monika, mutuniyar Tagasta a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Ita ce uwar Agustin, babban malamin ikilisiya. Ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a garinsu. Amma a shekara ta 387, sa'ad da suke jiran jirgin ruwa a Ostiya, bakin teku kusa da Roma, domin su koma Afirka, zazzaɓi ya kama ta. Ɗayan ɗanta ya damu ƙwarai kada ta mutu a baƙuwar ƙasa. Sai ta kwaɓe shi, ta ce su binne ta ko'ina, ta kuma taɓa cewa ba wurin da ya yi wa Allah nisa, ba kuwa zai ɓace kabarinta ran tashin matattu ba. A rana ta tara ta rasu, tana da shekara 56. Jikanta ya fashe da kuka, aka rarrashe shi. Sa'an nan wani abokinsu mai suna Ebodiyus ya ɗauki littafin Zabura, ya fara raira Zabura ta 101, dukan gidan suna amsawa. Kun ga ke nan, tun zamanin nan masu bi suna raka matattunsu da waƙa.

Bayan shekara fiye da dubu, a 1542, Martin Luta na ƙasar Jamus ya buga ɗan littafi na waƙoƙin jana'iza a garin Witinbag. A shekarar nan ce 'yarsa Magadalina ta rasu tana da shekara 13, watau ya san zafin abin da kansa. Koyarwarsa ita ce, a bakin kabari a raira waƙoƙin ta'aziyya masu maganar gafarar zunubi, da hutawa, da tashin matattu, domin bangaskiyar masu rai ta ƙarfafa. Wannan ya yi daidai da 1 Tasalonikawa 4:13, inda Manzo Bulus ya yarda mu yi baƙin ciki, amma ya hana mu yin irin na marasa bege.

Wanda ya bi koyarwan nan har ƙarshe shi ne wani sarki mai suna Hainirik Rois, mai mulkin garin Gera a Jamus. An haife shi a 1572, bayan rasuwar ubansa. A ƙarshen zamaninsa ana cikin babban yaƙin nan na shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, yunwa da annoba suna ɗibar mutane. Da ya ga ƙarfinsa yana raguwa, sai ya sa aka ƙera masa akwatin gawa na jan ƙarfe. Ya zauna ya zaɓi ayoyin Littafi Mai Tsarki da baitocin waƙoƙin ikilisiya, aka rubuta su a murfin akwatin da gefunansa. A cikinsu akwai Ayuba 1:21, da Yohanna 3:16, da Filibiyawa 1:21, da Ayuba 19:25. Ya zaɓi Zabura 73 domin wa'azi, da waƙar tsoho Saminu ta Luka sura 2 domin sallama.

Ya rasu ran 3 ga Disamba, 1635. Aka ba Hainirik Shuts, gwanin waƙa wanda aka haifa a ƙasar sarkin, aikin sa wa kalmomin nan murya. Ran 4 ga Fabrairu, 1636, aka raira su a jana'izarsa a Gera. Ku lura da abu guda: sarki ne, yana da ikon sa a yi masa kirari da tarihin sarautarsa, amma abin da ya zaɓa duka a kan Mai Fansa ne. Sarautar gidansu ta ƙare tun 1918, waƙoƙin kuwa ana raira su har yau a ƙasashe da yawa.

To, ina mu? Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, muna kuma da Littafin Waƙoƙi. Abin da sarkin nan ya yi da jan ƙarfe, mai sayar da albasa a bakin tasha yana iya yinsa da fensir da takarda.

Dalili kuwa ga shi. Maƙwabtanmu Musulmi suna da tsarinsu sananne: a yi wa mamaci wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla, a kai shi makwancinsa da sauri, ba kiɗa ba waƙa. Mutanen Bargu kuma suna da al'adarsu ta ganguna da taro domin manyansu. Kowa ya san nasa. Amma mai bi wanda danginsa suke wata hanya dabam, in ya mutu bai bar magana ba, sai gardama ta tashi a kan gawarsa. 'Yan'uwa su ja nan, ikilisiya ta ja can, matarsa da 'ya'yansa suna tsakiya suna kuka biyu. Wani lokaci kuma a ci bashi domin a yi taron da mamacin bai roƙa ba, marayu su kwana da yunwa.

Domin haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, tun ran gini ran zane. Ka zaɓi waƙa biyu ko uku, da aya ɗaya. Ka zaɓi waɗanda jama'arku suka iya, cikin harshen da mutanen gidanka suke ji, gama ba kai ne za ka ji su ba. Ka rubuta lambobinsu, ka sa a cikin Littafinka. Ka gaya wa mai gidanka ko uwargidanka, da fasto ko dattijon ikilisiya, ka kuma gaya wa babban danginku da ladabi, ido da ido, domin kada ya fara ji daga bakin wani ran makoki. Abokan cinikinka za su zo gaisuwa. Mai yiwuwa waƙar nan ce kaɗai wa'azin da waɗansunsu za su taɓa ji.

Amma ku ji gargaɗi. Waƙa ba ta buɗe wa kowa ƙofar sama. Ko mawaƙa ɗari suka taru a kanka, ba za su ɗauke zunubi ko ɗaya ba. Yesu ne kaɗai ya ɗauke shi. A daren da aka bashe shi, shi da almajiransa suka raira waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, kamar yadda Matiyu 26:30 ya nuna. Ya san gicciye yana gabansa, ya kuwa san zai tashi a rana ta uku. Wanda ya ba da gaskiya gare shi yanzu, shi ne waƙar za ta faɗi gaskiya a kansa ran nan.

Duniya kasuwa ce, kowa ya ci tasa sai ya kama hanyar gida. Kafin ka naɗe tabarmarka, ka tambayi kanka ko ka san inda za ka kwana. Allah ya ba mu kyakkyawan ƙarshe cikin Ɗansa. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.