Kirifto a Ma'aunin Kasuwar Kumasi: Kuɗi ne ko Haja?

Muhawarar da masana tattalin arziki ke yi kan Bitcoin, ko kuɗi ne ko haja, tana da tsohon misali a tarihin Hausawan Zangon Kumasi. Fataken da suka riƙa ɗauko goron Asante ta Salaga zuwa Kano sun yi ciniki da wuri, Asantawa kuwa da garin zinariya suke biya. Wurin da zinariyar dukansu haja ne tun asali. Wuri daga tsibiran Maldibis ake kawo shi a jirgin ruwa, ya zama kuɗi domin da shi ake yanka farashi, da shi ake ƙirga bashi da sadaki. Da 'yan kasuwar Jamus suka fara kwararo wurin Zanzibar mai araha a tsakiyar ƙarni na 19, darajarsa ta zube.

Da wannan ma'auni ya kamata a gwada kirifto a kasuwar Adum ta Kumasi. Mai sayar da wayoyi ko atamfa da sidi yake faɗin farashi, ya karɓi kuɗinsa a hannu ko ta MoMo, kuma da sidi ko dala yake rubuta bashi. Bitcoin, wanda ya fito a 2009 kuma aka ƙayyade adadinsa ga miliyan 21, saye ake yi a ajiye ana jiran ya tashi. Wannan ɗabi'ar haja ce, haka kuma hukumar CFTC ta Amurka ta ɗauke shi tun 2015. El Salbado ta mayar da shi halastaccen kuɗi a 2021, amma yawancin jama'arta suka ci gaba da cefane da dala.

USDT, wani nau'in kirifto, shi ne ya fi wahalar hukunci. An ɗaure darajarsa da dalar Amurka, shi ya sa ɗan kasuwar da zai biya kaya a Sin ke nemansa, musamman bayan 2022, shekarar da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Yana aikin kuɗi, ba shakka. Sai dai a ganina ƙarfinsa aro ne: dala ce ta bi sabuwar hanya, kuma amanarta tana hannun kamfanin Tether, wanda Babban Bankin Gana ba shi da iko a kansa. Duk sidin da ya koma USDT ƙarin matsi ne ga sidin da ya rage a hannun mai sayar da koko.

Rarrabewar tana da nauyi ga al'ummar Zango ta fuskar fiƙihu ma. In kuɗi ne, hukuncin canji ya hau kansa, a yi hannu da hannu. In haja ne, zakkarsa ta kayan kasuwanci ce. Ya kamata malamanmu su daina haɗa Bitcoin da USDT a fatawa ɗaya, kowanne a duba shi bisa aikin da yake yi a kasuwa.