Kiɗan Talla a Katsina: Daga Mahauta Zuwa GRA

Tun kafin allon talla ya iso Katsina, kunne ne ke kai mai saye kasuwa. Kalangu kiɗan mahauta ne. Idan aka yi yanka, sai makaɗi ya rataya shi a hamata, yana matsa tsarkiyarsa yana sakewa, yana kirarin Sarkin Pawa da yaransa, matar da ke cikin kulle ta ji, ta aiki yaro da kuɗin nama. Itace ne aka sassaƙe shi da siririn ƙugu, aka rufe bakinsa biyu da fata, amma yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe. Shi ya sa ya fi ƙarfin a kira shi ƙara kawai: magana yake yi. Maƙera kuma dundufa ce tasu. Anthony King, wanda ya yi bincikensa a Katsina, da David Ames sun tattara irin wannan rabon kiɗa da sana'a a littafinsu na 1971.

Wuri ɗaya ne sautin bai kai ba. Bayan zuwan Turawa a 1903, an keɓe musu unguwa a wajen ganuwa, wadda ta zama GRA, kuma tsarin Lugga ya tanadi fili na yadi 440 tsakanin mazaunin Bature da na 'yan ƙasa. An ce don sauro ne. A ganina har da hayaniyar gari aka guje wa. Kuku ne ke zuwa kasuwa, don haka mai gida bai taɓa buƙatar sanin abin da kalangu ke faɗa ba.

Rediyo ne ya haura wannan fili. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kalangun Mamman Shata, mutumin Musawa, ya shiga falon ma'aikatan da suka gaji gidajen Turawa, haka ma kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsarkiya ɗaya tak.

Yau lasifika mai batir ta karɓe aikin, tana nanata murya ɗaya daga safe har magariba, ba ta san sunan kowa ba. Abin da ya rage na tsohon salon yana hannun mai gyaran takalmi da ke buga akwatinsa da sanda, da mai yankan farce da ke kaɗa almakashinsa, suna bin dogayen katangun GRA har maigadi ya leƙo.